Waƙoƙin gwagwarmayar Baƙaƙen Amurka: da wacce zan fara?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Muna karanta tarihin fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, malaminmu ya ce mu nemi waƙoƙin lokacin mu saurara. Waɗanda suka samo asali daga salon buluz (waƙoƙin koke na baƙaƙen kudancin Amurka) da waƙoƙin coci nake so. Datata ba yawa, don Allah a zaɓo min masu nauyi.

Kawu: Wa alaikumus salam. Fara da Sam Cooke, "A Change Is Gonna Come", ta 1964. Ɗan fasto ne, kuma a ƙungiyar waƙoƙin bishara ta Soul Stirrers ya yi suna kafin ya koma waƙoƙin soyayya. A Oktoban 1963 wani otal a Shreveport, jihar Luwiziyana, ya hana shi masauki saboda launin fatarsa, da ya ɗaga murya sai 'yan sanda suka kama shi. Bayan 'yan watanni ya yi wannan waƙa. Babu ihu a cikinta, gajiya ce da sa rai a murya ɗaya.

Maman Ummi: Kawu, ka yi min afuwa, ni da Mahalia Jackson zan sa shi ya fara, don ita ce tushen. Ƙanena, nemi bidiyonta na gangamin Washinton, 28 ga Agusta 1963, inda ta rera "How I Got Over" a gaban mutum kusan 250,000, a ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Hoton baƙi da fari ne. Ka lura da jama'a: mutane cikin kwat da hula, rana na dukansu, tana jan baiti suna tafi suna amsa mata. Waƙar ibada ce zalla, babu siyasa a kalmominta, amma duk wanda ke wurin ya san wane ƙunci ake maganar tsallakewa.

Malamin Tarihi: Abin da Maman Ummi ta taɓo shi ne gundarin maganar. A kudancin Amurka coci ne kusan kaɗai wurin da baƙaƙe ke da iko da shi, don haka a can ake taro kafin a fita zanga-zanga. Ba a jiran a tsara sabuwar waƙa. Sai a ɗauko wadda kowa ya haddace tun yana yaro, a sauya kalma ɗaya ko biyu, inda ake ambaton Yesu a sa 'yanci. Mutum ɗaya ya ja, saura su karɓa, kamar dai makaɗi da 'yan amshinsa. Ba a buƙatar kayan kiɗa, shi ya sa ko a motar 'yan sanda ko a kurkuku ana iya yi, kuma mutum ɗari da ke rera abu ɗaya tsoronsu yakan ragu. Nemi Freedom Singers, waɗanda suka taso daga Albany a jihar Jojiya a 1962, har da Bernice Johnson Reagon a cikinsu. Akwai kuma tarin waƙoƙi na kamfanin faifai Smithsonian Folkways mai suna "Voices of the Civil Rights Movement", wanda aka naɗi da yawa daga cikinsa a wuraren taron kansu. Sautin ba tas ba ne, amma ni ina fifita shi a kan na situdiyo.

Mai Jita: Malam, duk kun tafi coci kun bar buluz. J.B. Lenoir, "Alabama Blues", 1965. Jita ce marar lantarki da muryarsa siririya, yana faɗin kisan da ake wa mutanensa kai tsaye. A Jamus aka fara fitar da faifan. Tun 1954 ya yi "Eisenhower Blues" yana kukan talauci yana ambaton sunan shugaban ƙasa na lokacin, har sai da aka sake fitar da ita da wani suna.

Anti Malama: Ba wanda ya ambaci Nina Simone? "Mississippi Goddam". Ta rubuta ta bayan kisan ɗan fafutukar 'yancin baƙaƙe Medgar Evers a Misisipi da kuma bam ɗin da aka dasa a wani cocin baƙaƙe a Birmingham ta jihar Alabama ranar 15 ga Satumba 1963, wanda ya kashe 'yan mata huɗu. A coci ta fara kaɗa fiyano, mahaifiyarta mai wa'azi ce. Ka nemi wadda aka naɗa a zauren Carnegie Hall na New York a 1964. Da farko masu sauraro suna dariya don kiɗan kamar na wasa ne, kafin ta kai tsakiya dariyar ta ɗauke. Sai dai akwai ashar a sunan, ka sa abin kunne in kana cikin manya.

Ɗan Auta: Na gode Anti. "Strange Fruit" fa? Ita malaminmu ya fi ambata.

Anti Malama: Ta Billie Holiday ce, 1939, wani malamin makaranta Bayahude a New York, Abel Meeropol, ya rubuta. Kan baƙaƙen da gungun fararen fata ke ratayewa a bishiya take. Ka karanta kalmomin a rubuce tukuna, kuma kada ka sa ta kana wani aiki.

Mai Jita: In kana son wadda ta haɗa ɓangarorin biyu, Staple Singers ne. Mahaifinsu Pops Staples a gonakin auduga na Misisipi ya girma, can ya koyi jitar buluz, sannan ya shigo da ita coci tare da 'ya'yansa. "Freedom Highway" an naɗe ta a wani coci a Shikago a 1965, kan tattakin neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery a jihar Alabama. 'Yarsa Mavis ce mai zurfin muryar nan.

Kawu: Mavis ɗin ta sake rera tsofaffin waƙoƙin fafutukar a faifanta na 2007, "We'll Never Turn Back". Sautinsa ya fi dacewa da waya. In datar ta ƙare, ɗana, ka biyo ta shago bayan la'asar in tura maka ta Xender.