Allurar rage ƙiba: abin da masu amfani da ita suka ce

Da aka zauna ana hira kan allurar rage ƙiba, shawarar da ta fi yawo ita ce kada a yi gaggawa. Wegovy, wato allurar da ke ɗauke da maganin semaglutide, sau ɗaya ake yin ta a mako, kuma likita kan fara da miligiram 0.25 na tsawon mako huɗu, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa 2.4. Waɗanda suka yi tsalle suka wuce mataki, tashin zuciya ne ya koya musu hankali.

Aikinta shi ne kwaikwayon sinadarin GLP-1 da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Abinci ya daɗe a ciki, ƙwaƙwalwa kuma ta samu saƙon cewa an ƙoshi. Wata ta ce a mako na biyu ta tsinci kanta ta ture faranti da rabin abinci a kai, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ana tsira allurar a ƙarƙashin fatar ciki, cinya ko damtse, a riƙa canza wuri, a ajiye ta a firiji. A rage maiƙo, a yawaita shan ruwa saboda taurin bayan gida.

Mai juna biyu ba ta yi. Haka wanda ke da tarihin wani nau'in sankarar thyroid (wata gaɓa da ke gaban wuya) a danginsu. Ciwon ciki mai tsanani da ke sarawa har baya kuwa, asibiti kai tsaye.

Abin da ba a cika son ji ba: idan aka daina, yawancin ƙibar kan dawo.