Hoton dina a zauren biki: filasha na ƙona farar shadda, fuska kuma ta yi duhu

Mai tambaya daga Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyamarata Canon 2000D ce, da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55. An ɗora mini ɗaukar hoton dinar ɗan'uwa a wani zauren biki. Idan na kunna ƙaramar filashar kan kyamara, babbar rigar ango sai ta yi fari fat, ba a ganin aikin jikinta, fuska ta dushe, bayansu kuma duhu ƙirin. Idan na kashe, hoto ya yi rawa. Waɗanda suka saba da irin wannan aiki, don Allah yaya kuke yi?

Mai hoto na Fagge:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙaramar filashar nan ka rufe ta, ba ta aikin biki ba ce, ka nemi babba wadda ake ɗorawa a saman kyamara. Haskenta ƙarami ne, a mike yake dukan abin da ke gabansa, kuma farin yadi ya fi fata mayar da haske, shi ya sa riga ke ƙonewa kafin fuska ta samu rabonta.

Ka sa kyamara a M, wato inda kai ke saita komai da hannunka. Fara da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/100 na daƙiƙa, buɗin lens f/4. Ka riƙe wannan: shota ce ke kawo hasken zaure, ƙarfin filasha kuma shi ke haska mutum. In baya ya yi duhu, sauko da shota zuwa 1/50, kada ka ƙara filasha. Dalilin zaɓar 1/100 da 1/50 shi ne wutarmu ta Najeriya tana gudu a kan 50Hz, fitilun LED masu araha kuma suna ƙyaftawa da ita, sai ka ga layuka-layuka a hoto in ka sa wata lamba. Sama kuwa kada ka wuce 1/200, nan ne iyakar da kyamararka ke daidaita da filasha. Ka wuce, gefen hoto zai yi baƙi.

Lens ɗinka in ka zuƙo zuwa 55 yana rufewa zuwa f/5.6, haske ya ragu sosai. Ka tsaya tsakanin 18 da 24 don ka samu f/4 ɗin, ka matsa da ƙafarka.

Wani daga Sabon Gari:
Kafin ka sayi filasha, duba mazauninta a saman kyamarar. Da yawa daga cikin 2000D da 4000D sun fito babu ɗigon ƙarfen nan babba na tsakiya. In taka haka take, filasha mai sauƙi irin Yongnuo YN560 ba za ta tashi ba sam, domin ta wannan ɗigon take karɓar umarni. Sai dai ta Canon, ko Godox mai harafin C (wato wadda aka yi don Canon) da aka sabunta wa manhaja. Tafi shago da kyamararka, a ɗora a gwada a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.

Hajiya mai hoton kamu, Gwale:
Ƙanena, ga abin da ke aiki a zaurukan nan namu. Da shigarka, ɗaga kai ka kalli silin. In farin POP ne kuma bai wuce mita uku zuwa huɗu ba, juya kan filasha sama, ɗan karkace zuwa bayanka, ka zaro farin katin da ke jikinta. Hasken zai sauko a baje, katin kuma ya cike duhun ƙasan ido da ƙasan ɗaurin ɗankwali. Amma masu ado sun fi son lulluɓe silin da yadi mai kala. In yadin ja ne ko shuɗi, duk fuskar da ke ƙasa wannan kalar za ta ɗauka, don haka a nan a bar maganar silin.

Abin yi shi ne a sauke filasha daga kan kyamara. Sanda ɗaya, farar lema, tiriga (na'urar da ke tayar da filasha daga nesa) irin Godox X2T. Kafa ta a gefe, wajen digiri 45 daga kujerar ango da amarya, ta ɗan fi kansu tsayi, nisan mita biyu. Ƙarfin filasha 1/4 ka fara. Kada ka manta, in ka ninka nisa, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa a hoton dangi na layin gaba ke ƙonewa, na baya su dushe. Ja sandar baya, ƙara ƙarfi, ka sa f/5.6 don kowa ya fito.

Leshi mai duwatsu da gwala-gwalai ba sa son hasken da ya zo ta gaba kai tsaye, ƙyalli ne zai cika hoton. Haka wata farar hodar da masu kwalliya ke barbaɗawa a ƙasan ido: a ido ba a ganinta, filasha na tashi sai ta fito fari tas. Gwada hoto ɗaya tun amarya na hannun mai kwalliya, a goge tun da wuri. Sannan a taron mata, a tambaya kafin a ɗauka. Akwai matan aure da ba sa so, kuma haƙƙinsu ne.

Mai hoto na Fagge:
Hajiya ta gama magana kan teburin ango. Sai dai wajen rawa da liƙi ni TTL nake bari, wato kyamara ta auna ƙarfin filasha da kanta, domin nisa na canzawa kowane daƙiƙa.

Malam daga Zoo Road:
Ni kam ban cika yarda da TTL a bikinmu ba. Tana auna abin da ta gani ne. Ta ga fararen riguna sun cika hoto, sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu. Ta ga zaure baƙi da mutum ɗaya a tsakiya, sai ta zuba, riga ta ƙone. Hoto biyu a jere, haske biyu daban, wahalar ta koma wajen editin. In dole sai ita, ka riƙa gyara ta da kanka: ƙara +2/3 in farin kaya ya yi yawa, rage in duhu ya fi. Kunna alamar da ke ƙyafta inda fari ya ƙone a allon kyamara. Ɗan ƙyaftawa a kafaɗa ba komai, amma in aikin wuyan riga ne ke ƙyaftawa, rage.

Fitilun kala na dandali kuma, babu manhajar da za ta cire ruwan hoda da shuɗi daga fuska ta dawo daidai. Je wajen mai fitila da girmamawa tun kafin a fara, a yi yarjejeniya: lokacin yanka kek da hoton iyaye, farar fitila kawai. Injin hayaƙi ma haka. Hayaƙi da ƙurar hunturu abu ɗaya suke yi, filashar da ke kusa da lens tana haska ƙwayoyinsu su fito kamar ɗigon fari a hoto. Nisanta filasha da lens ne maganinsu. In fitilun zauren rawaya ne, manna ledar CTO mai ruwan lemo a kan filasha, ka sa ma'aunin fari (white balance) a kan Tungsten, wajen 3200K, kala ta zama ɗaya gaba da baya.

Mai editin daga Hotoro:
RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da ya fi karɓar gyara, ba JPEG ba. A Lightroom, manhajar gyaran hoto ta Adobe, ja Highlights (sandar wuraren da suka fi haske) ƙasa zuwa wajen -50, aikin shadda zai dawo in dai bai ƙone ƙurmus ba. Fuska kuma kada ka ɗaga hasken hoto gaba ɗaya saboda ita, yi mata burushi ita kaɗai, ƙarin rabin mataki ya isa. Fatarmu tana zaune a kalar lemo ta sashen HSL, inda ake gyara kowace kala daban, ɗan ƙarin haske kaɗan a nan yana gyara ta. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu jan wannan sandar har amarya baƙa ta koma kamar ta sha bilicin, hannunta mai lalle kala daban, fuskarta daban. Dangin miji ma sai sun yi tambaya.

Wanda ba zai iya biyan Adobe duk wata ba, Darktable kyauta ce kuma tana buɗe fayil ɗin Canon. Wajen fitarwa: tsarin kala sRGB, dogon gefe pixel 2048. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya lalata.

Wani daga Sabon Gari:
Batir: saiti biyu na Eneloop, masu caji, guda huɗu-huɗu don filasha, a cike tun gida, kada ka dogara da soket ɗin zaure. Na yau da kullum suna jinkirin cika filasha, ango ya ba amarya kek kai kana jira. Kada ka yi ta harbawa a cikakken ƙarfi a jere, za ta yi zafi ta tsaya. Gara ka ɗaga ISO zuwa 3200 ka bar ta a 1/8. Kyamararka ramin memori ɗaya gare ta, don haka ka raba aikin a kati biyu, kowanne ka yi masa format a cikin kyamara kafin aiki. Jabu sun yi yawa a kasuwa, gwada sabon kati da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ranar.

Mai tambaya daga Tarauni:
Allah ya saka da alheri. Na duba, tawa babu ɗigon tsakiya. Hajiya, in kuɗin bai kai na lema da tiriga ba fa?

Hajiya mai hoton kamu, Gwale:
To ɗaure farin kwali mai faɗin tafin hannu biyu a bayan kan filasha da roba, kan yana kallon sama. Tsaya mita biyu zuwa uku daga mutane, kuma ka janye su daga jikin bango don inuwa ta faɗi ƙasa.