Daga ɗan wasan jami'a zuwa koci a ƙwallon Amurka: ta ina ake farawa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Masana ƙwallon Amurka, ku taimaka mini. Yaron da ya buga wa jami'a amma bai samu shiga NFL, babbar gasar ƙwararru, ba, wace hanya zai bi har ya zama babban koci? Akwai lasisin horarwa irin na CAF da muka sani a tamaula?

Mai Allo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu lasisi irin wannan. Ƙofar da yawanci ke bi ita ce muƙamin da suke kira GA, wato ƙaramin mataimaki da ke karatun digiri na biyu a jami'ar. Kuɗin kaɗan ne, aikin kuma ba dare ba rana.

Babban aikinsa bidiyon abokan karawa. Zai bi wasansu ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa: yunƙuri na nawa ne cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci gaba da yadi goma, yadi nawa ya rage, yaya suka jeru, me suka yi. Sai ya zana a kan katuna, ranar atisaye ya riƙa ɗaga wa 'yan benci su kwaikwayi abokan karawar. In ya ajiye mutum ɗaya a inda ba nan yake tsayawa ba, ƙungiya ta yi atisayen abin da ba za ta gani ba ranar Asabar, ranar wasa. A nan ake gane mai ido.

Shahararren koci Nick Saban da kansa ta nan ya faro a jami'ar Kent State a 1973, ƙarƙashin koci Don James. Sai 1990 ya zama babban koci a jami'ar Toledo. Shekara 17 ke nan.

Hajiyar Ƙwallo:
Malam ya yi bayani. In ƙara da cewa hawan ba miƙe yake ba. Koci Kirby Smart ya buga wa jami'ar Georgia daga 1995 zuwa 1998. A ƙaramar jami'ar Valdosta State har ya riƙe ɓangaren tsaro gaba ɗaya, amma a 2002 ya koma GA a Florida State don ya shiga cikin manya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A 2004 Saban ya ɗauke shi a jami'ar Louisiana State (LSU), daga baya suka tafi jami'ar Alabama tare, inda ya jagoranci tsaro daga 2008 zuwa 2015. Ya dawo Georgia babban koci, ya ci kofin ƙasa a kakar 2021 da 2022.

Baban Yara:
Kada a manta da inda ake faɗuwa. In aka sallami babban koci, galibi da mataimakansa ake haɗawa. Dabo Swinney ya rasa aikinsa na mataimakin koci a Alabama bayan kakar 2000 ta wannan hanya, ya koma harkar gine-gine da filaye, sai 2003 jami'ar Clemson ta kira shi.

Kuma farin jinin tsohon ɗan wasa ba ya cin wasa. Scott Frost ya ci kofi da jami'ar Nebraska yana ɗan wasa a kakar 1997, da ya zama koci ya jagoranci jami'ar Central Florida (UCF) a kakar 2017 ba a doke shi ba, wasa 13. Ya dawo gida Nebraska babban koci aka tarbe shi kamar ango, ya ci 16 aka ci shi 31, aka sallame shi a Satumbar 2022. Wasanni da yawa da 'yar tazara suka kuɓuce masa.

Ɗan Fagge, in yaron na kusa da kai ne, ya je wurin kocin da ya horar da shi tun kafin ya kammala karatu. Kiran waya ɗaya daga bakinsa ne ke samar da kujerar GA.