Ya tura duka a foka, ni kuma saura zuciya ɗaya in haɗa fulash (katuna biyar masu alama ɗaya): in amsa ko in ajiye?

Ɗan_Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna buga wasan karta na foka samfurin Tekzas Holdem a nan Samaru da cif na roba, maki kawai muke ƙirgawa, babu kuɗi a ciki. Ga hannun da ya jawo gardama jiya da daddare. A hannuna akwai A♥ 6♥. Katuna ukun farko da aka buɗe a tebur su ne K♥ 9♥ 2♠. Tarin da ke tsakiya 6,000. Mu biyu muka rage, sai abokin karawata ya tura duk abin da ke gabansa, wato 4,000. Ni ina da 9,000. Wani ya ce kada in amsa, wato in zuba 4,000 nima, sai damar cina ta kai kashi 40 cikin ɗari, wani kuma ya ce kashi 29 ma ya isa. Wanne ne daidai, kuma yaya ake fitar da shi?

Malam_Lissafi_Kongo

Wa alaikumus salam ƙanena. Mai cewa 29 shi ne da gaskiya. Wanda ya ce 40 ya raba 4,000 ne da 10,000, ya manta cif ɗin da za ka zuba su ma tsakiya za su shiga, kuma in ka ci tare za ka kwaso su. Ka raba abin da za ka biya da jimlar tarin bayan ka biya: 6,000 da 4,000 nasa da 4,000 naka, 14,000 ke nan. 4,000 cikin 14,000 ya ba da kashi 28.6. Wannan shi ne farashin da aka sa maka. Damarka in ta haura shi ka amsa, in ta gaza ka ajiye.

Saura sanin damar. Karta 52 ce, ka ga 5, saura 47 da ba ka gani ba. Zuciya 13 ce, huɗu sun fito, saura 9. Su ne katunan cetonka. Tunda ya tura duka, babu sauran biya, katuna biyun da suka rage duk za ka gan su a wannan farashin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lissafa damar rashin samu: 38 cikin 47 a kati na huɗu, sannan 37 cikin 46 a na biyar. In ka ninka su za ka samu kusan kashi 65, wato damar haɗa fulash ɗinka kashi 35 ce. A kan tebur ba mai jiranka ka ɗauko kalkuleta, shi ya sa ake ninka katunan ceto sau 4 idan katuna biyu suka rage, sau 2 idan ɗaya ya rage. 9 sau 4, 36 ke nan, kusa da ainihin amsar. Amma ka kula, ninkin 4 yana ƙara gishiri idan katunan ceto sun yi yawa: 15 sau 4 zai ba ka 60, alhali 54 ne. Gyaransa shi ne ka cire duk abin da ya haura 8, wato 7, ka samu 53.

Yana da kyau ka haddace farashi huɗu. Wanda ya zuba rabin tarin tsakiya, kashi 25 kake bukata. Kashi biyu bisa uku na tarin, kamar naka ɗin nan, 28.6. Daidai tarin, 33.3. Ninki biyunsa, 40. Sannan kada ka ce "ai na riga na zuba 3,000 a ciki, ba zan bar su ba". Cif ɗin da suka bar gabanka sun zama na tsakiya, ana ƙirga su a abin da za a ci ne kawai.

Abban_Hanifa

Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Sai dai 35 ɗin nan damar haɗa fulash ce, ba damar cin hannun ba, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Sai ka tambayi kanka: da wane irin kati mutumin nan yake tura duka?

A ce yana riƙe da 9♣ 9♦, ya haɗa uku iri ɗaya da 9♥ na tebur. To 2♥ ba ta cikin masu cetonka, domin tana sauka tebur ya samu 2 guda biyu, shi kuma ya haɗa ful hawus, wato uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, wanda ya fi fulash. Saura 8. Su takwas ɗin ma ba tsira ba ce, don in ka samu zuciyarka a kati na huɗu, na biyar na iya zuwa K, ko 2, ko 9♠, ko ya maimaita na huɗun. In aka ƙirga duk hanyoyi 990 da katuna biyun za su iya faɗowa, 244 ne kawai naka. Kashi 24.6 ke nan, ƙasa da farashin.

In kuwa K da Q ne a hannunsa ba tare da zuciya ba, labari ya sauya. Katunan A guda ukun da suka rage su ma sun zama masu ceto, domin A biyu sun fi K biyu. Katunan ceto 12, damarka kusan 45. In A da K ne, A ba za ta amfane ka ba, kana wajen 36.

To wanne ya fi yawan zuwa? Ana ƙirgawa. K biyu a hannu na iya haɗuwa ta hanya 3, tunda K ɗaya na tebur. Haka 9 biyu, haka 2 biyu, jimla 9. A da K hanya 9, saboda A ɗaya na hannunka, K ɗaya na tebur, 3 sau 3. K da Q hanya 12. Ka ninka kowanne da damarka: 9 sau 25, da 9 sau 36, da 12 sau 45, jimla 1,089, ka raba da 30, jimlar hanyoyin, ka samu kusan 36. A wannan damar, duk amsawa ɗaya a matsakaici tana kawo maka 3,600 daga 10,000 na tsakiya ta ɗauke 2,560 daga 4,000 naka, ribar 1,040 ke nan. Ko ka cire K da Q gaba ɗaya, kana kan 30.5, har yanzu sama da farashin. Ajiyewa tana zama daidai ne kawai idan ka tabbata mutumin nan ba ya tura duka sai da uku iri ɗaya, a nan asarar 500 ce duk amsawa. Irin waɗannan masu tsananin riƙo ba su da yawa a wasan 'yan'uwa. Akwai ma masu turawa da Q♥ J♥, su kuwa kai ne a gabansu tun yanzu da A ɗinka. Ni dai amsawa na gani, ba tare da wani dogon tunani ba.

Ɗan_Samaru

Na gode ƙwarai Malam, na gode Abban Hanifa. To da a ce sai da aka buɗe kati na huɗu, misali 4♣, sannan ya tura 4,000 ɗin cikin 6,000 fa?

Yaya_Sani_TudunWada

Farashin bai motsa ba, 28.6 ne, amma damarka ta faɗi. Kati ɗaya ya rage, 9 cikin 46, kashi 19.6. Ko ka haɗa da A uku, 12 cikin 46 bai wuce 26 ba. Ajiyewa za ka yi. Kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa in fulash ya faɗo za ka ƙara tatsarsa. Wannan hujjar tana aiki ne idan akwai sauran cif a gabansa. Wanda ya tura duka ba shi da abin da zai ƙara ba ka.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne ninka sau 4 alhali mutum bai tura duka ba. In ya zuba 4,000 bayan katuna uku yana da sauran 10,000 a baya, kati ɗaya ka saya, domin a na gaba zai sake sa maka wani farashin. A nan 9 cikin 47 za ka duba, kusan 19.

Sai batun wanda cif ɗinsa suka fi kaɗan. Da 2,500 ne kawai a gabanka ba 9,000 ba, to 2,500 ɗinsa ne kaɗai ke cikin wasa, 1,500 a mayar masa. Jimla 11,000, farashinka 2,500 cikin 11,000, kashi 22.7. A wannan farashin, bayan katuna uku, ko uku iri ɗaya gare shi amsawa ta fi. Idan kuma akwai mutum na uku a bayanka da bai yi magana ba, lissafin bai rufe ba, zai iya ƙara tura nasa a kanka. Da A♥ a hannunka shigowarsa ba ta cika cutar da kai ba, tunda babu fulash da ya fi naka a wannan teburin, amma da 7♥ 6♥ kake riƙe da sai ka yi hattara sosai.

Na ji daɗi da ka ce maki kuke ƙirgawa, ku bar shi a haka, don da zarar naira ta hau tebur ya zama caca. In kuna yin salon gasa, wanda cif ɗinsa suka ƙare ya tashi, kuma ana ba na ɗaya da na biyu da na uku maki, to gab da shiga ukun nan kana bukatar dama sama da farashin da tarin ya nuna, domin cif ɗin da ka rasa sun fi waɗanda za ka ƙaru da su tsada. A hannunka na jiya wannan bai taso sosai ba, ko ka sha kashi kana da sauran 5,000 a gabanka.