Ɗinkin jam'iyya: in karɓa ko in bari?

Telan Mabera: Assalamu alaikum. An kawo mini ɗinkin riguna 200 na wata jam'iyya, za a ba ni rabin kuɗi yanzu, sauran bayan taro. Damuwata ita ce surukina, wanda ya ba ni shagon, yana ɗaya ɓangaren, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ba ya son jin sunansu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara.

Malamin Arkilla: Wa alaikumus salam. A 1979, lokacin da NPN ta Shagari ke riƙe da Sakkwato, PRP ta Malam Aminu Kano kuma tana kiran talakawa, jayayyar a kan aƙida take, wato su wa ya kamata gwamnati ta kashe wa kuɗi. Yanzu kuwa Tambuwal ya ci zaɓen gwamnan Sakkwato a APC a 2015, ya koma PDP a 2018, mabiya suka bi shi ba tare da manufa ko ɗaya ta sauya ba.

Baba Kafinta: Ɗana, kada ka yarda da "sauran daga baya". Na yi wa wata ma'aikata bencina 60 da katakon bashi, sai gwamnati ta canja. Sababbin suka ce ɓarnar kuɗi ce ta waɗanda suka gabata, tsofaffin suka daina ɗaukar wayata. Shekara biyu ina yawo da takardar a aljihu har ta yage a kan ninki, daga ƙarshe na sayar da babur ɗina na biya mai katako, bencinan kuma yara na zaune a kansu har yau.

Hajiya ta Gawon Nama: Allah ya mayar da alheri, Baba. Ai da an bar tallafin, da ba a kai nan ba. Lita naira 185 muke saye kafin a cire shi.

Ɗan Kabukabu: Hajiya, 185 a rediyo ne. Mu da muke kwana a layi, sama da 300 muka riƙa saye wurin 'yan bumburutu, man kuma yana tsallakawa Nijar ta Illela.

Hajiya ta Gawon Nama: Wanda bai taɓa ciyar da gida mai mutum goma sha biyu ba, ba shi zai koya mini farashi ba.

Na Kanwuri: Tela, ɗinka musu riga mai fuska biyu, ciki lema waje tsintsiya. Jihar da aka ci zaɓen gwamna da ratar ƙuri'a 342 a 2019, juyawa kawai za su riƙa yi.

Malamin Arkilla: A bar wasa. An sa hannu kan albashi mafi ƙaranci na naira 70,000 a 2024, kason jihohi ya ƙaru, amma mu 'yan fansho wa ya tuna da mu?

Telan Mabera: Na gode, iyayena. Maganar surukin nawa fa?

Baba Kafinta: Malam, shekara nawa ke nan da ka ajiye aiki, kuma an ba ka garatutinka?