Tuwo Namu, Akushin Wa?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Bature ya leƙo garinmu, ya koma yana cewa,
Ƙasar duhu ce da daji, ba tarihi sai yunwa.
To ga Dorugu ɗan yankinmu, yana yaro aka kama shi bawa,
Ya bi Barth, Bajamushe mai yawon bincike, har Landan a 1855, ba ruɗewa,
Ya ƙare musu kallo tsaf, ya faɗa da harshen Hausawa.

'Yar Giwa:
Yaya, ka kawo namiji, ina ka baro mata?
Baba ta Karo ba ta yi boko ba, amma ji bakinta:
Aure huɗu, kishi, bori, ƙawance, duk ta zayyana ta fayyace ta,
Harin bayi da zuwan Nasara, a gaban idonta.
Baturiya Mary Smith ta zauna tana rubutu, 1954 littafin ya fita.
Mai cewa matar kulle bebiya ce, ya je ya karanta.

Malam Sarkin Musu:
Ku yi haƙuri, ni kam ban gamsu ba.

Baki nasu ne, na yarda, alƙalamin fa na wa?
Schön ɗan mishan ya rubuta Dorugu, 1885 ya ba da bugawa,
Hausar Baba kuwa da Turanci ta fita kasuwa.
Tuwo namu, akushi nasu, har da su a rabawa.

Na-Kukawa:
Allah gafarta Malam, ga masu rubutu da hannunsu.
Nicholas Said ɗan Kukawa, bauta ta raba shi da gidansu,
Ya ga Makka, Istanbul, Rasha, ya yi soja a Amurka cikin yaƙinsu,
1873 ya buga rayuwarsa, ba tafinta tsakaninsa da su.
Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro fa? Bawa ne a Amurka a hannunsu,
A 1831 ya rubuta da Larabci, ya buɗe da Tabara a gabansu:
Mulki na Allah ne, ba nasu.

Malam Sarkin Musu:
Tabarar nan ta kama ni. Na sallama rabi. Hajiya, kakar nan taki da kike yawan ba mu labarinta, tana raye?

'Yar Giwa:
Tana nan, Malam, sai dai ƙafa ke damun ta.
Gobe bayan la'asar zan kai mata goronta,
In kunna waya in ajiye kusa da tabarmarta.