Tsohuwar motar kwana a hanyar Garwa zuwa Marwa: abin da bakanikai suka ce

Kanikawa da direbobin da suka tattauna a Garwa, a arewacin Kamaru, kan kula da tsohuwar motar kwana, wato motar da aka mayar da cikinta ɗaki, sun fi daɗewa a kan zafi. A Maris da Afirilu yakan wuce digiri 40, tsohon injin dizal irin na Toyota Coaster ko Mercedes 207D kuwa lagireto ne ransa. A sauke lagireton a wanke cikinsa, a canza tiyon da ya kumbura, a duba fambel. Kada a zuba ruwan rijiya, farin gishirinsa ke toshe ƙananan hanyoyin. Wasu na cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, amma mafi yawa sun ce kuskure ne, a sa sabo.

Ƙurar hunturu fa? A kakkaɓe filtar iska kowace safiya. Man bakin titi sau da yawa akwai ruwa da datti, don haka a riƙe filtar mai guda biyu a ajiye.

Taya kan ruɗi mutum: zanenta na nan, roba ta mutu. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ta haura shekara 6, a sauya.

Kafin damina a hau rufi, a kankare tsohon danƙo a gefen tagar sama, a shafa sabo, domin ɗigo ɗaya ke ruɓar da katakon ciki.

Batirin fitila da fanka a raba shi da na tayar da inji. Tukunyar gas a rufe ta kafin barci, kada a kunna gawayi a cikin mota, hayaƙinsa na kisa ba wari. Wurin kwana kuma, a gaida mai gari a nemi izini, a guji gindin busasshen rafi saboda ambaliya.